Ko Shi Ko Ita, Maureen Ba Ta Faɗa

Duk matar da ta haihu a Halifax a wancan zamani ta san Maureen Ackroyd, mai ɗaukar hoton ciki a asibitin gari. Gajeriya ce mai sanyin hannu, bakinta kuwa gam. Iyaye da yawa ba sa son sanin ko namiji ne ko mace sai ranar haihuwa, ita kuwa ga abu tana gani ƙuru-ƙuru a na'ura. Turanci ya yi mata rana, don a cikinsa kana iya cewa "su" alhali mutum ɗaya kake nufi. "Suna nan lafiya," in ji ta. "Ga su can suna tsotson yatsa." Abokan aikinta kan yi suɓul da baka su ce "shi", a koma ana ba da haƙuri. Maureen har ta yi ritaya ba a taɓa kama ta ba. Ko rigunan sanyin da take saƙa wa jarirai duk ruwan ɗorawa ne, babu shuɗi babu ruwan hoda.

Mijinta Desmond, kafinta, shi kam ba a ba shi wannan baiwa ba. In kana son magana ta zaga gari kafin shayi ya huce, ka gaya masa, ka ce sirri ne.

'Yarsu tilo, Philippa, ta daɗe tana neman haihuwa. Shekarar da ta samu ciki ita ce shekarar da likita ya ce huhun Desmond ya gaji, ba lalle ya kai hunturu ba. Haihuwar kuma a hunturu take. Philippa ta zo ta manna hoton cikin a jikin firij, Maureen ta kalla sau ɗaya ta kau da kai.

"Mama, na san kin gani. Kar ki gaya mini, kar ki gaya wa Baba. In namiji ne Alistair, in mace ce Rosalind. Baba zai gani da idonsa."

Maureen ta fahimce ta. A wurin yarinyar, gaya wa tsohon daidai yake da yarda cewa ba zai kai ba. Ta yi alkawari, zuciyarta na ciwo.

Desmond ya shiga rumfarsa ta bayan gida yana haɗa gadon jariri, yana tari yana tsiya.

"Ke tsohuwa, wane fenti zan saya?"

"Fari."

"To ya za a yi da ƙwallon da na ajiye masa?"

"Za su buga in sun girma."

"Kai, wannan mata. Da 'yan sanda sun san ki da sun ɗauke ki aiki."

"Sha shayinka, sarkin surutu."

Haka suka yi ta yi har ganye ya fara zuba. Wata rana da yamma ana yayyafi, ta kai masa shayi ta tarar da shi zaune a kan benci, guduma a cinya, ya kasa ɗaga ta. Bai yi wasa ba ranar.

"Maureen, ni da ke mun sani ba zan gan su ba. Ina so in san wa nake yi wa gado."

Ta ajiye kofin a kan benci. Tsoro ya kama ta, na karya alkawarin 'yarta da na barinsa ya tafi haka nan. Daga baya ta sunkuya ta raɗa masa a kunne.

Abin mamaki, Desmond ya riƙe. Abokansa na mashaya suka zo dubiya suna zolayarsa ko jikan namiji ne ko mace, ya ce, "Sun kusa isowa." Philippa ta zauna a bakin gadonsa, ya dafa cikinta ya ce, "Yau suna ta harbi." Ya rasu kafin ƙanƙara ta fara sauka.

Aka haifi mace. Ranar da aka kawo ta gida, Philippa ta ɗaga katifar gadon za ta shimfiɗa zane, sai ta tsaya. A jikin katakon ƙasa an sassaƙa ROSALIND, haruffan a karkace, aikin hannun Desmond.

"Mama, kin faɗa."

"Na faɗa."

"Kuma Baba ya riƙe?"

"Duk zaman aurenmu ina koya masa rufe baki," in ji Maureen, "sai da zai tafi ya iya."

Ta karɓi jaririyar, tana cikin rigar nan ruwan ɗorawa, ta kwantar da ita a kan sunanta. Sannan ta zauna ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.