Bilkisu Ba Ta Yi Raki Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanwata Bilkisu a wani asibiti a Manchester, wajen haihuwar fari. Har yau in bas ya ratsa da ni Rusholme, unguwar da asibitin yake, kau da kai nake yi.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne. An rage ma'aikata, an rage tafinta, ungozoma ɗaya na zarya tsakanin ɗakuna, wadda ta fi ihu ita ake fara dubawa. Mu kuwa a gidanmu mace ba ta raki a naƙuda, abin gori ne har jikoki. Mijinta, ɗalibi ne a lokacin, kunya ta zaunar da shi a waje. Ni ina cikin jirgin ƙasa daga Birmingham, na kira ta na ja mata kunne kada ta ba mu kunya gaban Turawa.

"Yaya, kar ki damu," ta ce. "Midwife ma ta ce I'm doing well, ko uffan ban ce ba."

Jini ne ke zuba a cikinta. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba wanda ya sami sukunin kallon tata. A takarda suka rubuta cewa tana cikin natsuwa.

Yanzu bangon asibitoci ya cika da hotunan mata masu lulluɓi, da alkawarin mutunta al'adar kowa. Har gayyata ta aka yi unguwar Selly Oak a Birmingham in yi wa ɗaliban jinya bayani, aka ba ni shayi, aka tafa mini. Da Bilkisu na nan, da wannan bakin nata, cewa za ta yi ihu bayan hari. Ina jin haushinsu, ban yafe ba. Amma haushin kaina ya fi, domin su ba su san mu ba, ni kuwa na sani.

Abin da ta bari shi ne Ummi, 'yar da ta haifa ran nan, wadda nake riƙo. Watan jiya ta karye a hannu a makaranta, ta zauna har aka tashi ba ta gaya wa malama ba. A asibiti likita na murza hannun, na ga ta cije leɓe tana satar kallona, tana jiran in yaba.

Na ce, "Ummi, yi kuka. Don Allah ki yi kuka su ji."

Ta dube ni, ta ce, "Ba ke kika hana ba, Mama?"