Wayata Ba Za Ta Shiga Rumbu Ba

Wata Laraba ce, lokacin cirar gyaɗa, ina aji huɗu a firamare. Ina zaune a tsakar gidanmu a Mubi ina ɓare gyaɗa a faranti, ƙanwata Saratu tana sata ta bayana tana cika baki, sai muka ji ihu daga bakin titi. Kafin in miƙe mata sun cika layinmu, wata da goyo, wata da tukunyar da ko hucewa ba ta yi ba. Ba wanda ya tsaya ya yi mana bayani, sai daga baya muka ji 'yan bindiga ne suka shigo gari. Kaka, mahaifiyar Baba, ta fizgi hannuna muka bi mutane ta cikin gonaki muka nufi duwatsun Kwaja. Sai da muka haye rafin da muke kira mayo na waiga, ban ga Saratu ba. Waya ɗaya ce a gidanmu kaf, ƙarama mai tocila, tana aljihun Baba, shi kuwa yana kasuwar shanu. Kwana tara muka yi muna neman yarinya 'yar shekara shida da baki, ƙauye bayan ƙauye, kafin aka same ta a hannun wasu bayin Allah da suka tsince ta a hanya.

Da gari ya lafa muka dawo, yarinta ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Mu share tsakar gida da sassafe, mu ɗebo ruwa, mu tafi makaranta da guntun rogo a aljihu. Da damina mu kori tsuntsaye a gonar dawa, da rani mu yi carafke da tsallen igiya a gindin mangwaro har ƙafa ta yi fari. Amma an ƙara mini aiki ɗaya da babu shi a da. Kowane gida a layinmu ya ajiye ƙunshin gudu a bayan ƙofa, namu kuma ni ce mai kula da shi. Duk Asabar in kwance zanen, in canza garin masara kafin ƙwari su shiga, in duba ƙuli-ƙuli da ashana da man zafin Kaka, in tabbatar takardun makarantarmu suna cikin leda. Matan unguwa kuma suka yi shawara: duk wadda ta fara jin labari ta ɗauki faranti ta buga da muciya. Kaka takan ja kunnena ta ce, "In kin ji, ki buga. Kar ki tsaya tambaya." Har wasa muka mayar da abin a filin makaranta: ɗaya ta ƙwala ihu, kowa ya ruga gindin bishiya, wadda ta zo ƙarshe an kama ta. Malamai sun zane mu a kan wasan nan, ba mu daina ba.

Bana, bayan na gama sakandare, gwaggona ta Yola ta aiko mini da tsohuwar wayarta, babba, irin wadda ake shafawa. Satin farko na sha wahala. Ina danna ta da ƙarfi kamar mai murza tsakuwa, na ɗauki hoton hancina ya fi a ƙirga, in na soke ta a zani sai ta kira mutane da kanta su yi ta jin ina daka. Kaka ta raɗa mata suna madubi mai surutu. Aka saka ni a guruf ɗin hira na matan unguwa a waya, na ji ni ma na zama mutum.

Sati uku ke nan da abin ya faru. Da rana tsaka ina tankaɗe, saƙon murya ya shigo guruf. Wani mutum ne yana haki, ana jin harbi a bayansa: "Sun shigo ta wajen Maiha, kowa ya fita!" Wallahi ban yi tunani ba. Hannuna ne ya ɗauki faranti da muciya, ni dai na ji ƙarar. Maƙwabta suka fito, na ɗaga musu waya suka ji da kunnensu, layi ya watse. Na saɓi ƙunshi, na kama Kaka, muka bi tsohuwar hanyarmu. A gangaren mayo ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan hannunta, na ji ƙas. A nan, ina durƙushe a yashi, na tuna Saratu tana Maiha wajen koyon ɗinki. Na kira ta. Bugu biyu ta ɗauka.

"Yaya, su wa suka shigo? Ga ni a bakin tasha ina shan rake."

Ashe saƙon tsoho ne, ya yi shekaru yana yawo daga waya zuwa waya. Akwai 'yar alama a samansa mai nuna an yi ta turawa. Ban san ta ba. Ba wanda ya taɓa nuna mini.

Da yamma, bayan mai ɗori ya ɗaure hannun Kaka, Baba ya miƙo mini tafinsa. "Kawo wayar nan." Ya ce zai tura ta ƙasan dawa a rumbu, sai baɗi in ya ga na yi hankali. Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba. Ranar na ce. Na riƙe wayar da hannu biyu. Na ce, "Baba, na yi kuskure, zan bi gida-gida in ba da haƙuri. Amma shekara nawa kuna koya mini in buga kar in tambaya? Wancan karon kwana tara muka yi ba mu ji muryar Saratu ba. Yau bugu biyu." Kaka daga kan tabarma ta ce, "Hannuna ne ya karye, ba naka ba. Bar mata madubinta." Baba ya tsaya, ya dube ni, ya kaɗa rigarsa ya fita. Har yau bai ce ya yarda ba.

Na bi gidajen kamar yadda na faɗa. Wata ta yafe, wata ta nuna mini tuwonta da ya ƙone a murhu. In na wuce ta bakin famfo sai in ji, "Ga gidan rediyo nan ta fito, yau ina aka shiga?" Ina jin su, ba na sunkuyar da kai. Ni ce nake yi wa Kaka wanka, ni nake ba ta abinci a baki. Ko faranti ya faɗi a gidan maƙwabta sai in zabura, in daɗe ban dawo daidai ba.

Wani lokaci ina kewar zamanin da labari yake zuwa da ƙafafunsa, ka ga fuskar mai faɗa, ka san ɗan gidan wane ne. Amma a zamanin nan ne muka ɓatar da yarinya. Yanzu in saƙo irin wannan ya shigo, sai in kira wadda ta turo in ce, "Ke kin gani da idonki?" Sun fara jin haushina, su ji. Ƙunshin yana nan a bayan ƙofa, jiya ma na canza garin. Farantin na mayar da shi cikin kwanuka, waya kuwa tana ƙuguna.