Sikeli: Sunan da Gaya Ta Bar wa Yayana

Damanar bana ce ta bakwai da muka sa yayana Mumuni a ƙasa, a maƙabartar da ke bayan garin Gaya. Mutanen Yamai sun san shi da Metir Mumuni, aboka, mai tsaya wa mutane a kotu. Mutanen Gaya kuwa, garin da aka yanke masa cibiya, wani suna suka sa masa, kuma saboda wannan sunan nake rubutun nan. Ni ƙanensa ne, Idi, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi lakwal, makarantar boko, har ƙarshe, ni na gudu tun ina ƙarami na bi kamiyo, manyan motocin kaya. In kun ga maganata ba ta da ado, ku yi haƙuri, haka na iya.

Yaya mutum ne na da. Ko da ya zama aboka mai kwat da taye, in ya iso Gaya sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure kafin ya gaida ƙanen babanmu. Ba ya son a sayar da gonar gado. Ba ya son yaro ya miƙa wa babba hannu. Duk maganarsa ɗaya ce: abin da muka tarar yana tafiya daidai, kada mu rushe shi don mun ga sabo. Samarin gari suna ce masa tsoho tun bai yi furfura ba. Da shi da wasu abokansa masu irin kansa suka kafa wata 'yar jam'iyya, ya ce zai nemi depite, ya je majalisa ya yi wa Gaya magana. Alamar da suka sa a takardar zaɓe sikeli ce, mai faranti biyu, irin wadda ake zanawa a kotu.

To, a Yamai sikeli shari'a ce. A Gaya kuwa, in ka ce sikeli, ba wanda zai tuna alƙali. Abin da zai zo wa kowa shi ne sikelin hanya, inda ake tsayar da kamiyo a auna lodinsa, in ya wuce ƙa'ida a ce a sauke ko a biya tara. Garinmu garin masu mota ne. Kayan da suka taso daga tashar ruwa ta nan suke shigowa, kuma duk mai kamiyo yana son ya ɗora lodin mota biyu a kan ɗaya. A lokacin nan ba abin da aka tsana kamar sikelin nan. Duk ɗan takarar da ya zo tasha, kafin ya zauna ya riga ya rantse zai sa a cire shi.

Ranar da Yaya ya zo tasha taro ina tsaye a bayansa. Alhaji Ɗan-Tani, shugaban masu motoci, wanda a lokacin motarsa nake tuƙawa, shi ya ɗaga takardar Yaya sama yana murmushi.

"Metir, ɗan Malam Garba, mu jahilai ne, ka fahimtar da mu. Wannan abin da ke kusa da kanka, na kotu ne ko na hanya?"

Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Alhaji, na kotu ne. Amma shi da na hanya ubansu ɗaya."

"To in mun kai ka majalisa, za ka cire mana na hanyar?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Yaya, ka ce za mu duba. Kowa haka yake cewa."

Ya juyo ya dube ni, bai ko rage murya ba. "Idi, ai na riga na duba."

Daga nan ya fuskanci taro ya ce ba zai cire ba. Ya ce su dubi hanyar Dosso, ramukan da ke karya musu aksil ba aljanu suka haƙa su ba, lodinsu ne. Ya ce babanmu fatauci ya yi da jakuna daga nan zuwa Kamba har ya tsufa, bai taɓa ɗora wa jaki abin da zai durƙusar da shi ba, ba don tausayi kawai ba, don gobe ma yana son jakin. Ya ce zai yi faɗa a rage tsayawar banza a hanya, a daina wulaƙanta direbobi, amma awo dole a yi shi.

Wani daga baya ya ɗaga murya, "To a gaida Sikeli!" Tasha ta ɗauka. Kafin la'asar sunan ya kai kasuwa, kafin sati ya kai Tunuga da Zabori. Abokan hamayyarsa ba su sha wahala ba. Sai su nuna wa tsohuwa takardar su ce, "Inna, kin ga wannan? In kika dangwala nan, har buhun shinkafarki sai an auna." Yara suna bin motarmu suna ihu, "Sikeli, auna mu!" Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu kamar gaishe shi suke yi. Abokansa suka roƙe shi ya koma tasha ya gyara maganar. Ya ce ba ta karye ba, me zai gyara.

Ya faɗi. Ba faɗuwar da za ka ce saura kaɗan ba. A rumfar zaɓen unguwarmu, inda duk wanda ya yi layi ya ci tuwon uwarmu, ko na uku bai zo ba. Ni kuma Alhaji ya karɓe makullin motarsa, ya ce in je Yaya ya ba ni aikin awo.

Ga abin da har yau yake ci mini rai. Bayan zaɓe, mutanen nan ba su daina zuwa wurinsa ba. Motar wani ta kaɗe mutum, an kama kayan wani, ɗan wani yana ɗaure a kaso, sai ka gan su a ofishinsa a Yamai, hula a hannu, "Metir, ɗan'uwa, ka taimaka." Har da Alhaji Ɗan-Tani. Kuma ya tsaya musu, dukansu. Na ce masa, "Yaya, kai ba ka da zuciya ne? Ka kore su mana." Ya ce, "Shari'arsu ce ta zo wurina, ba ƙuri'arsu ba." Amma ni na san abin ya shige shi. Mutumin da ba ya wata biyu bai zo gida ba, sai ya koma daga salla sai salla. In ya zo ma ba ya bi ta tasha, sai ya sa a zagaya ta bayan gari. Sau ɗaya ya tambaye ni, muna zaune a bakin kogi, "Har yanzu suna kira na da shi?" Na ce sun manta. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ba ka iya aikin aboka ba, Idi."

Hawan jini ne ya kwantar da shi, shekara uku bayan zaɓen. Ranar jana'iza tasha ta tashi kaf ta zo. Ina jin su a bayana suna cewa mutumin kirki ne, mai gaskiya ne, Gaya ta yi rashi. Ban juya ba, don in na juya za a yi abin kunya a gaban gawa.

Yau ina tambayar kaina me zai ce da ya ga garin. Gadar iyaka da ta haɗa mu da Malanville a rufe take. Kamiyoyin da aka yi faɗa dominsu suna jere a rana, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Waɗanda suka ci zaɓen da rantsuwar cire sikeli sun yi zamansu sun tashi ba su cire ba, ba kuma wanda ya sa musu suna. Majalisar da ya so shiga ma babu ita yanzu. Na san Yaya, ba zai ce Allah ya ƙara ba. Ni ne mai faɗin haka, kuma na faɗa, ban ji sanyi ba.

Yanzu duk wanda zai ƙetare sai ta jirgin ruwa. Nan ma halin bai canza ba: buhu kan buhu, babur a kai, mutane a kan babur, har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Kwanakin baya na je ƙetarewa gaisuwar rasuwa. Wani dattijo Badende mai jirgi ya ɗauki kaya daidai, ya sa sandarsa ya tare hanya. Wani ɗan kasuwa da sauran buhuna a ƙasa ya yi ta roƙo, ya koma zagi.

"Kai tsoho, buhu biyu ne za su nutsar da kai? Kowa na ɗauka sai kai? Sikeli kawai!"

Sauran masu jirage suka kwashe da dariya. "Ai shi Sikeli ne, bar shi!"

Na ɗauka sunan ya bi Yaya kabari. Ashe ya zama kalma a bakin kogi, ana jifan duk wanda ya ce kaya sun isa. Na bar jirgin da na fara nufa na shiga na dattijon. Da muka kai tsakiyar ruwa na ce, "Baba, ka san inda sunan nan ya samo asali?"

Ya ce, "Oho. Haka nan suke ce wa wanda ya ƙi lodi. Zagi ne dai."

Na buɗe baki in ce masa mutum ne, yayana ne, yana da kwat mai ruwan toka, yana tuɓe takalmi a zaure. Sai na fasa. Na dubi gefen jirgin, akwai tazarar tafin hannu tsakaninsa da ruwa, ƙafafuna a bushe.

Abin da ya rage na Metir Mumuni a Gaya ke nan. Ba titi da sunansa, ba aji a lakwal, 'ya'yansa ma a Yamai suke, ba sa zuwa. Zagi ɗaya ya bari, kuma sai wanda ya yi daidai ake yi wa shi. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka tambaye ni ko har yanzu suna kiran ka da shi. Suna kira.