Yakuwar Inna a Lambun Sufaye

Malam Moutari mutumin Mirriya ne, ɗan manoma. Karatun kimiyya ya kai shi Paris, aiki ya gangaro da shi Lyon, ya zauna a Bron, gefen birnin, a hawa na tara, inda ƙasar da ya mallaka ba ta wuce ta cikin tukunyar fulawa ba. Mutum ne marar yawan magana. Abokan aikinsa sun san shi da tsabta da zuwa kan lokaci, ba su san komai bayan haka ba.

A 2011 mahaifiyarsa ta rasu, bai samu jana'iza ba. Abin da ya iso shi daga kayanta ƙullin tsumma ne, wani ɗan garinsu ya kawo Montreuil, kusa da Paris, aka aiko masa. Irin yakuwa ne, wanda take shukawa bayan ɗakinta duk damina. Bai fi cikin tafin hannu ba, kuma gidan an sayar. In wannan iri ya mutu, shi ke nan.

Wata Asabar yana yawo a kan tudun da ke kallon birnin, ya ga wata ƙaramar ƙofa a buɗe jikin dogon bango. Gidan sufayen Kirista ne, mazan da suka bar aure da dukiya suka keɓe don ibada. Masu yawon buɗe ido suna wuce ƙofar da taswira a hannu, ba mai leƙawa. Ciki shiru, ga kunyoyin albasa, ga itatuwan tuffa, ga wani tsoho durƙushe yana cire ciyawa. Bahaushe ba ya wuce mai aiki bai gaishe shi ba, don haka Moutari ya tsaya. Sunan tsohon Frère Aimé. Daga gaisuwa hira ta kai ga ƙullin tsumma, wanda ba ya rabuwa da aljihun Moutari, tsoho ya nuna masa wani fili gefen rijiya, ya ce ya shuka.

Kafin ya tafi, Moutari ya ɗebi kaɗan ya zuba wa tsohon a hannu.

"Inna cewa take, iri ba a ajiye shi ɗaki guda," in ji shi. "Sai ka ba maƙwabci."

Sabo turken wawa. Mutumin da ya karanta kimiyya har ya gaji, da ruwa ya sauka a watan Maris ya ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai jinin Mirriya ya motsa. A gida ruwan farko ake bi da shuka. Frère Aimé yana kwance asibiti a lokacin, ba mai tsayar da shi. Ya shuka duka. Wanda bai ruɓe a ƙasa ba ya leƙo, sanyin Afrilu ya ƙone shi.

Ranar da ya gani, ya zauna bakin rijiya ya yi kukan da bai yi ba lokacin rasuwar. Ji ya yi kamar yau aka binne ta, kuma da hannunsa. Bai sake komawa ba.

Sai a Yuli kunya ta kama shi, don an ba shi aron ƙasa ya tafi ba sallama. Ya hau tudu don ya yi godiya. Ya tarar da tsohon ya rame, yana dogara sanda.

"Malam Moutari, ka daɗe," in ji Frère Aimé. "Zo ka gaya mini, ban san yadda ake cin abin nan ba."

Ya ja shi bayan ɗakin ibada, jikin bangon da rana ke duka. Yakuwa ce tsaye har gwiwa, jan kara, ganye shar. Tsohon ya jira Mayu kafin ya shuka nasa rabon.

Moutari ya durƙusa ya tsinki ganye guda ya tauna. Tsamin ya cika masa baki, irin na miyar da ya tashi da ita. Ya daɗe bai ɗago ba. Tsohon ya cire hularsa, ya tsaya gefe yana jira ya gama yi wa Inna addu'a.