Ƙwan Zabin Gwaggo

Daminar da nake aikin kammala karatu, na haɗa akwatin ƙyanƙyasa a gidanmu na Tiga, na cika shi da ƙwan zabin gwaggona. Kwamfutata tana zaure, tana zana layin zafin akwatin. Wata rana ina kallo layin ya haura jar alamar iyakar zafi da na sa, bai tsaya ba. Na ruga ɗaki, na tarar an lulluɓe akwatin da bargo.

"Gwaggo, wa ya yi mini wannan ɗanyen aiki?"

"Ni ce. Hadari ya haɗo, kada su ji sanyi."

Na yaye bargon. Layin ya sauko, amma bai gaya mini ko da sauran mai rai cikin ɓawon ba.