Sakan Goma Sha Ɗaya na Kawu Labbo Haƙori

Ku da kuka san Kawu Labbo, kun san ba ya wuce buhun shinkafa bai taɓa shi ba. Zai zura yatsu biyu, ya zaro ƙwaya ɗaya, ya ɗora ta a kan haƙorin gaba, ya rufe ido ɗaya, sai ka ji ƙas! Daga nan sai hukunci, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Ranar da aka kawo kayan auren ƙanwata, liman na tsakiyar addu'a muka ji ƙas daga bayan zaure, sai muryarsa: "Wagga shinkafar garin Zauro ce, amma an yi gaugawar kwashe ta daga shanya." Dangin ango suka yi tsuru-tsuru. Shi ya sa duk Argungu ba mai ce masa Labbo kawai, sai Labbo Haƙori.

Shekara talatin da wani abu ya yi a kamfanin casar shinkafa na bakin gari, tun wurin yana da inji ɗaya da rumfar kwano. Aikinsa guda ne. In an jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, an turara, an baza ta a rana, shi ke cewa ta isa shiga inji ko da saura. In da danshi ta shiga, ta dagargaje. In ta wuce bushewa, ta karye. Tsakanin biyun nan akwai ɗan siririn lokaci, kuma a haƙorin Kawu yake zaune.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na yi shekaru ina aikin watsa labarai a Birnin Kebbi, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Rediyo.

Da kamfanin ya ƙara injina ya ɗebi sababbin ma'aikata, sai aka kawo sabon manaja, Nura, matashi mai ladabi da son tsari. Shi ya kira ni ofishinsa ya ce yana son a yi bidiyon koyar da aiki, kowane sabon ma'aikaci ya kalla a ranarsa ta farko. Kawu ne zai yi bayani. Sai ya rage murya ya ce, "Da zarar an kammala, sai mu bar Baba ya huta."

Na gane hutun da yake nufi. Za a kwashe abin da ke bakin tsohon a zuba a kwamfuta, a sallame shi. Na karɓi aikin, na ce wa kaina in ban yi ba wani zai yi, kuma ban faɗa wa Kawu komai ba. Wannan ba abin alfahari ba ne, amma haka aka yi.

Ranar farko na kafa kyamara a bakin shanya, na maƙala wa Kawu makirufo, na ce bismilla. Ya tsaya yana kallon gilashin kyamarar kamar wanda aka kawo wa baƙon da bai yi sallama ba.

"Wa ni ka koya ma?" in ji shi.

"Sababbin ma'aikata, Kawu."

"Suna ina?"

"Za su kalla daga baya."

"To ni koya ma mutum sana'a ba mu gaisa ba? Ɗiyan wa ne ma ban sani ba!"

Muka yi ta jayayya har rana ta take. A ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗin shi zai fara gaishe su, tunda su ba su da tarbiyyar farawa. Ya gyara hula, ya dubi kyamara, ya ce, "Salamu alaikum. Kun kwana lahiya? Ina gajiya? Ina mutanen gida?" Sai ya yi shiru.

Na yi masa alama da hannu ya ci gaba. Ko kallona bai yi ba. Daga baya na auna shirun nan a kwamfuta: sakan goma sha ɗaya cif. A aikinmu, shirun sakan uku ya isa a kira ka ofis. Can sai ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla," sannan ya fara darasi.

Na ce, "Kawu, me kake jira?"

"Amsa mana! Kai in ka gaida mutum, guduwa ka kai?"

"Zan yanke wurin."

"Ka yanke gaisuwa? To mi yar rage?"

Kashegari Manaja ya zo da wata na'ura mai kama da ƙaramar rediyo, wadda ke auna danshin hatsi. Ya ce a zamanin yanzu ba za a nuna wa ma'aikata cizon shinkafa ba, na'ura za a nuna. Na zaci za a yi rigima. Kawu ya ce a gwada. Ya ciji ƙwaya ya ce saura rabin wuni. Aka zuba a na'ura, ta yi ƙara, Manaja ya duba lambar, ya duba takardarsa, ya ce a hankali, "Haka ne, da saura." Aka koma wata shanyar. Kawu ya ce ta isa, na'ura ta ce ta isa. Sau biyar ana yi, ba su saɓa ba ko sau ɗaya.

Manaja ya yi murmushi ya ce, "Ka gani, Baba? Duk abin da ka sani ta sani."

Kawu ya karɓi na'urar, ya shafa ta kamar kan jika, ya ce, "Aradu yarinyar ga tana da ƙoƙari. In ta daɗe hannuna za ta iya aiki."

Sai aka zo kan kashin kiyaye haɗari. A rubutun da na tsara, za a fara nuna yadda ba a yi, sannan a nuna yadda ake yi. Na ce wa Kawu ya sa babbar riga ya matsa kusa da bel ɗin inji, don a nuna wa mutane cewa kuskure ne.

"Ni?" Ya dafe ƙirji. "Shekara talatin ko zaren rigata inji bai taɓa ci ba, yau a ɗauke ni ina wauta, jikokina su gani? Wanda yak kawo shawarar shi yi."

Manaja, don ya nuna shi ba mai girman kai ba ne, ya ce ba komai, shi zai yi. Haka aka ɗauke shi sanye da babbar riga kusa da bel, aka ɗauke shi yana ɗaga buhu da ƙugu a sunkuye, aka ɗauke shi yana amsa waya a bakin tukunyar turara. Kowane ɗaya ya gama, sai Kawu ya shigo hoton, ya nuna shi da yatsa, ya ce, "Ba haka ba!" Kun san sauran labarin. Duk ma'aikacin da ya fara aiki a wurin, fuskar Manaja ya fara sani a matsayin mutumin da bai iya komai ba. Har ya bar kamfanin, in ya ba da baya, Ba Haka Ba ake ce masa. An ce wata rana wani sabon ɗauka ya gan shi ya nufi inji, ya ruga da gudu ya riƙe masa hannu.

Ana cikin ɗaukar nan, wata la'asar muna zaune gindin dogonyaron da ke bakin shanya, inda Kawu ya saba zama, sai ya tambaye ni kamar da wasa, "Ɗan Rediyo, wai in za ku yanke magana, ina ku ka sa wuƙa?"

Na ji daɗi yau Kawu na neman sani a wurina. Na yi masa bayani dalla-dalla: inda mutum ya tsaya ya ja numfashi, nan ake yankewa, ba wanda zai gane. Ya ce, "Allah mai iko," ya ciji shinkafarsa.

Sai da na zauna tace bidiyon na ga abin da na jawo. A kowane darasi, daidai wurin da ya fi muhimmanci, hannunsa na cikin shanshera, bakinsa na tafiya ba tsayawa: "In ka cije ta ka ji ta yi ƙara ka duba cikinta sauran bayanin ka taho ka iske ni gindin dogonyaro in babu fari a tsakiya to ta turaru." Numfashi ɗaya. Sau tara ya yi haka a darussa tara. In ka cire gayyatar, ka cire darasin. Na gwada ta kowace hanya da na sani, abin sai ya fito kamar mai shaƙuwa.

Na same shi na ce, "Kawu, ashe ka sani."

"Tun ran da kaz zo. Kai hwuskarka rediyo ce, ba a kunna ka ba ka karanta labarai."

Kunya ta rufe ni. Na fara neman abin faɗa, ya ɗaga hannu. "Bari. Kai ka yi aikinka, ni na yi nawa. Je ka kai masu."

Na kai wa Manaja yadda yake, har da gaisuwar. Na ce masa a fasahance ba ya yankuwa, wanda rabinsa gaskiya ne, don gaisuwar kam da na so da na cire. Aka fara nunawa. Duk rukunin da ya gama kallo, sai ka gan su sun fito a jere suna tambayar ina dogonyaro yake. Yaya za a sallami mutumin da bidiyon kamfani da kansa ke aika mutane wurinsa sau tara? Abin da aka yi don a raba shi da kujerarsa, shi ya kafe ta. Shekara shida ya ƙara a wurin, sai da ciwo ya kwantar da shi, ba takardar sallama ba.

Na taɓa tambayar Umaru, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zuwa wurinsa, wai mene ne sauran bayanin nan. Ya yi dariya ya ce, "Babu wani bayani. Sunan babanka zai tambaya, ya miƙo maka ƙwaya ya ce ciza. Gobe ma haka. Har ran da za ka faɗa kafin ya faɗa."

Da Kawu ya rasu, bayan sadakar arba'in ɗinsa na je kamfanin karɓo ɗan buzunsa da butarsa. Na tarar ana nuna wa sababbin ɗauka bidiyon a ɗakin taro, na tsaya a bakin ƙofa. Ga Kawu nan a cikin bidiyon da hularsa a karkace. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya yi shiru. Ɗakin gaba ɗaya ya amsa, "Lafiya lau, Baba." Ban san lokacin da bakina ya bi su ba. Ni da na so yanke wurin, ranar sai na ji sakan goma sha ɗayan nan sun yi mini kaɗan.

Da aka tashi, wata matashiya ta tambayi mai gadi ina dogonyaro. Ya nuna mata. Umaru na zaune a wurin da shanshera a tafin hannu. Na fasa ɗaukar buzun, na bar wa Umaru.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka ɓoye masa. Yadda bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, Allah ya sa mala'ikun rahama su amsa tasa. Amin.