Bangon Gabas

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa a firamare na yanke shawarar komawa gona. Mahaifina ya bar mini fili a hanyar Rogo, jar ƙasa mai son gyaɗa. Ni da matata mun gaji da zaman haya a Karaye, ɗanmu ɗaya tilo kuma yana Kano yana koyon gyaran babur. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in yi gida a gonar, yaron ya dawo ya yi aure a gefena, in tsufa ina jin motsin mutane a tsakar gida.

Ƙarfina bai kai na gida ba, sai na ɗaki ɗaya. Na kira wani magini daga Kurugu, tsohon abokina, muka tsuguna gindin ɗorawa muka zana komai da tsinke a ƙasa. Ɗakina nan, na yaron manne da shi daga gabas, zaure kuwa sai Allah ya hore. A wajenmu, wanda zai ƙara gini ba ya rufe bango. Ana barin tubala suna leƙowa a kusurwa kamar haƙora, don sabon bango ya kama tsohon. Ba a kuma yi wa gefen yaɓe, tunda gobe cikin ɗaki zai koma. Kwanon ma daidai kan bangon muka tsayar da shi, ba mu bar masa baki ba.

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasarmu ya san daga gabas hadari yake tasowa. Mu ma mun sani sarai. Mun dai ɗauka damina ɗaya kawai bangon zai sha.

Kakar farko gyaɗa ta ƙi. Ta biyu matata ta kwanta ciwo, abin da aka samu ya tafi asibiti. Da rani ya sake zagayowa na yi zuciya, na kwaɓa ƙasa da kaina na buga tubala, na jera su a inda ɗakin yaron zai tsaya. Kwano da katako suka gagara. Ruwa ya sauko ya narkar da su ina kallo, suka zama tudu, awaki suka samu wurin hawa.

Shi kuma bangon kullum ramewa yake. Ina rufe shi da zana da leda, iska ta kwashe ta kai gonar maƙwabci. Danshi ya ratso ciki har buhun dawa ya yi tsiro. Matata ta janye gado zuwa yamma, tana cewa ita dai ta auri mai bango uku da alkawari ɗaya. Maginin ya sha faɗa mini in bari a shafe shi kafin ya zubo. Na ce masa in shafe-shafe yake so ya je ya shafe na gidansu. Ya san dalili, shi ya sa bai yi fushi ba. A ƙauye, ranar da ka shafe wannan bangon ka gaya wa kowa ke nan ba wanda kake jira.

Yaron yakan zo da Sallah, ya kwana ya koma. Duk zuwa sai na ja shi gabas na nuna masa inda ƙofarsa za ta kalla, da inda matarsa za ta kafa murhu. Yakan ce to, Allah ya nufa. Ni kuwa in ɗauki wannan maganar in yi ta lallaɓa ta har shekara.

Da Babbar Sallar bara ya zo washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Muna tsaye a gabas ya dafa bangon, yatsunsa suka nutse.

“Baba, a shafe bangon nan, zai faɗo muku.”

Na ce wa ya taɓa shafe bangon da zai shiga ɗakinsa? Ya daɗe yana goge hannu a wando kafin ya yi magana.

“Baba, ka yi haƙuri. Na samu yarinya a Kano, na kama ɗaki kusa da gareji. Aikina can yake.”

Ban yi masa faɗa ba. Na rasa laifin da zan ɗora masa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mako na zagayowa sai ga siminti ya aiko a motar kasuwa. Yaron kirki ne, ba ya son bango ya danne iyayensa.

Maginin ya zo da gatari ya sare tubalan kusurwa, ya shafe bangon sumul. Bana ko ɗigo bai shigo ba, matata tana barcinta lafiya. Da aka gama, maƙwabta suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka saba, suna yi mini barka da kammala gini. Na shimfiɗa tabarma na zauna, duk wanda ya ce Allah ya sa albarka na ce masa amin.